Buɗe Ƙofa Dabam, Samun Abokan Karatu Dabam

Ran 1 ga Oktoba 1962 aka rubuta sunan James Meredith cikin littafin Jami'ar Misisipi ta ƙasar Amurka, shi ne baƙar fata na farko da ya shige ta. Daren jajiberin ran nan an yi tarzoma har mutum biyu suka rasa ransu, sai da Shugaba Kennedy ya aika da soja. Meredith ya gama karatunsa a 1963, amma dogarawan gwamnati ne ke rakiyarsa, in ya zauna cin abinci kuwa sai 'yan'uwansa ɗalibai su juya masa baya. Doka ta iya buɗe masa ƙofa, amma ba ta iya sama masa abokin hira ba.

To, wannan kaɗaici shi ne abin da muke so mu duba yau, don ya daɗe bayan tarzoma ta wuce, har ya yi ɓarna a inda ba mai jifa, ba mai zagi.

A Jami'ar Kalifoniya ta garin Berkeley an lura baƙaƙen ɗalibai suna yawan fāɗuwa a lissafi mai zurfi na shekarar farko, wanda ake kira kalkulas. Wanda bai ci shi ba kuwa hanyar zama injiniya ko likita ta toshe masa ke nan. A 1975 wani saurayi mai koyar da lissafi, Uri Treisman, ya tambayi malamai dalili. Suka ce ai yaran ba su da himma, ko makarantunsu na baya ba su da kyau, ko iyayensu ba su kula, ko kuwa talauci ne. Mu ma da muke horon malamai mun sha jin irin amsoshin nan, kuma mun lura duk ba wadda ta ɗora wa makaranta nauyin kome.

Treisman bai tsaya nan ba. Ya zaɓi baƙaƙen ɗalibai 20 da Sinawa 20, waɗanda su ke cin darasin ƙwarai, ya bi su ɗakunan kwanansu har gidajen iyayensu, yana duban yadda suke karatu. Sai ya tarar baƙaƙen nan masu himma ne, iyayensu kuma sun ba da ƙarfi ga ilmi. Bambancin guda ne. Baƙin ɗalibi yakan rufe ƙofa ya yi ta fama shi kaɗai, ya raba karatu da abota, don haka ya saba tun yana ƙaramar makaranta, inda sau da yawa shi ne zakaran aji. Sinawa su ma sukan yi aiki ɗai-ɗai, amma da maraice sai su taru su ci abinci, su gwada amsoshinsu, wannan ya gyara wa wancan. Nan yaro ke gane ko tambayar ce ke da wuya ga kowa, ko shi ne bai fahimta ba. Wanda ke zaune shi kaɗai ba shi da ma'aunin nan, sai ya ɗauka kansa ne ba ya ja, kunya kuma ta hana shi tambaya.

A 1978 aka kafa zaman aiki tare domin masu koyon kalkulas. Abin da ya fi burge mu shi ne ba a kira shi ajin taimakon raunana ba, gama an san yaron da ya zo da lambar yabo ba zai taka ƙafarsa can ba. Sai aka mai da shi ajin hazikai, ana ba su tambayoyi da suka fi na aji wuya, irin waɗanda dole mutum ya nemi shawarar na kusa da shi. Malami yana zagayawa yana saurare, ba ya saurin faɗin amsa. Ba a kuma ware baƙaƙe su kaɗai ba, an gauraya su da sauran kabilu a tebur guda.

Baƙaƙen da suka shiga zaman nan suka riƙa cin jarrabawa fiye da waɗanda ba su shiga ba nesa ba kusa ba, da yawansu kuma suka kai ƙarshen karatunsu. Treisman ya koma Jami'ar Texas ta garin Austin a 1991, jami'o'i da dama na Amurka kuwa suka ɗauki tsarin, har waɗansu suka kai shi cikin darussan kimiyya.