Gane Zakara Tun Yana Ɗan Tsako: Yadda Houston Astros Ta Auna Matasanta

A shekarar 2013, ƙungiyar ƙwallon besbol ta Houston Astros da ke jihar Texas a Amurka ta buga wasa 162, aka doke ta a 111. Kafin nan ma kashin take sha: sau 106 a 2011, sau 107 a 2012. Ana cikin wannan hali, a watan Yunin 2014, mujallar Sports Illustrated ta buga a bangonta cewa wannan ƙungiya ce za ta ɗauki kofin World Series a 2017. Mutane suka yi ta dariya. Da 2017 ta zo, Astros ta doke Los Angeles Dodgers a wasa na bakwai, ta ɗaga kofin.

Mai bin ƙwallon ƙafa zai yi mamakin yadda ƙungiya za ta shekara uku a ƙarshen teburi ba ta nutse ba. A babbar gasar besbol ta MLB, mai ƙungiyoyi 30, ba a saukar da kowa zuwa ƙaramin rukuni. A wancan lokacin ma, wadda ta fi kowa shan kashi ita ake bai wa damar fara zaɓe idan an zo rabon matasan 'yan wasa na shekara. Don haka da Jim Crane ya sayi ƙungiyar a ƙarshen 2011 ya ɗauko Jeff Luhnow ya ba shi ragama, sai suka rabu da tsofaffi masu tsada, suka koma tara yara. Duk wanda ya bi wannan hanya ya jingina makomarsa ne a kan iya gane yaron da zai zama wani abu.

Tsohuwar hanyar ganewa ita ce ido. Ƙungiyoyi na da masu farautar 'yan wasa da ke yawo makarantu da ƙananan filaye, kamar yadda gogaggen dillali ke zagaya kara yana duba haƙorin maraƙi. Abu biyar suke dubawa a jikin mai bugu: iya samun ƙwallo da sanda, ƙarfin bugun, gudu, iya cafe ƙwallo, da ƙarfin jifa. Kowanne ana ba shi maki daga 20 zuwa 80, kuma 50 na nufin daidai da matsakaicin ɗan wasan babbar gasa. Mai jifa kuwa ana auna saurin ƙwallonsa, da yadda take lanƙwasa a iska, da ko tana faɗawa inda ya nufa.

Wanda aka ɗauka ba kasafai yake shiga babbar gasa kai tsaye ba. Sai ya bi ta ƙananan ƙungiyoyin reno, waɗanda Amurkawa ke kira gona, tsarin da Branch Rickey ya gina a St. Louis Cardinals tun shekarun 1920. Mataki-mataki ake hawa, kuma yawanci sai an shafe shekaru. A nan ne alƙaluma ke amfani. Ɗan shekara 19 da ya tsaya da ƙafarsa a tsakanin 'yan shekara 23 ya fi ɗan shekara 24 da ke cin zalin yara daraja. Ana kuma lura da ko yaro na iya kame hannunsa ya bar muguwar ƙwallo ta wuce, domin mai kai wa kowace ƙwallo sara ba ya daɗewa idan ya haɗu da ƙwararrun majefa. Luhnow ya ɗora wa Sig Mejdal, wanda ya taɓa aiki da hukumar NASA, nauyin haɗa rahoton masu farauta da lissafin kwamfuta wuri guda.

A 2012 dabarar ta yi kyau. Suka ɗauki Carlos Correa, ɗan shekara 17 daga Puerto Rico, a kan dala miliyan 4.8, ƙasa da abin da aka ware wa zaɓin farko. Rarar ta taimaka musu wajen ɗaukar mai jifa Lance McCullers. Correa ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na rukuninsa a 2015.

Shekara biyun da suka biyo baya kuwa sun nuna iyakar lissafi. A 2013 suka zaɓi Mark Appel daga Jami'ar Stanford, wanda ake ganin ya riga ya nuna, tsinka kawai ya rage. Rauni da rashin tagomashi suka bi shi, aka miƙa shi ga Philadelphia a 2015, bai taka babbar gasa ba sai 2022 yana da shekara 30. Kris Bryant, wanda Chicago Cubs ta ɗauka a bayansa, ya zama gwarzon rukuninsa a 2016. A 2014 suka zaɓi Brady Aiken, gwajin likita ya nuna abin damuwa a gwiwar hannunsa, cinikin ya watse. Gurbin da aka ba su diyya a 2015 shi ya kawo musu Alex Bregman.

Labarin mutum biyu ya fi duk waɗannan koyar da darasi. José Altuve ɗan Benezuwela, mai tsayin mita 1.68, an taɓa sallamarsa daga wurin gwaji saboda ƙanƙanta. Ya sake dawowa, aka ɗauke shi a 2007 kan dala 15,000 kacal, tun kafin zuwan Luhnow. Shi ne gwarzon rukuninsa a 2017. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Na biyun shi ne J.D. Martinez. Shekara uku yana Astros bai taka wata rawar a zo a gani ba. A lokacin hutu ya sauya salon bugunsa gaba ɗaya, ya dawo ya shaida wa ƙungiyar. Ba su ba shi dama mai yawa a wasannin share fage ba, suka sallame shi a watan Maris na 2014. Detroit ta ɗauke shi, ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 23 a shekarar, sau 38 a 2015. Alƙaluman da Astros ta dogara da su gaskiya ne, sai dai na tsohon Martinez ne. Mutumin da ke gabansu ya riga ya canza.

Awo yana faɗa maka yadda yaro yake yau, ba ya faɗa maka abin da zai koya gobe, ko lokacin da jijiyarsa za ta tsinke. Abin da ya cece Astros shi ne yawan yaran da ta tara, har kuskure biyu ko uku ba su rusa ginin ba, da kuma waɗanda ta gada irin su Altuve da George Springer da Dallas Keuchel.

Kofin 2017 ɗin ma bai tsira da tabo ba. A Janairun 2020 hukumar MLB ta tabbatar ƙungiyar ta yi amfani da kyamara wajen satar alamun hannu da abokan karawa ke yi wa juna a fili, ta ci ta tarar dala miliyan 5, aka kori Luhnow da koci A.J. Hinch. Daga rabon matasa na 2023 kuma ƙuri'a ake jefawa kan zaɓin farko, don kada faɗuwa da gangan ta zama sana'a. Ƙungiyar da ke son sake gini a yau ba ta da tabbacin samun yaron da kowa ke rububi. Dole ta iya renon wanda ta samu, ta kuma saurare shi idan ya ce ya canza.