Sauya Nau'in Gurbi a Rumbun Bayanai Ba Tare da Asarar Abin da Aka Adana ba

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda ake sauya nau'in gurbi a rumbun bayanai na kwamfuta. A shekarar 1970 ne Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar da tsarin jera bayanai a jadawali. A wannan tsari, kowane gurbi, watau layin da ya gangaro daga sama zuwa ƙasa, yana da nau'insa: ko lamba, ko rubutu, ko kwanan wata.

Inda Haɗarin Yake

Sauyi iri biyu ne, faɗaɗawa da ƙuntatawa. Nau'in SMALLINT ba ya wuce 32,767, shi kuwa INTEGER yana kaiwa 2,147,483,647. Tashi daga na farko zuwa na biyu babu asara a cikinsa. Komawa baya kuwa tamkar juye hatsin buhu ne a mudu: ko manhaja ta ƙi, ko a yi ɓari.

Alal misali, a ɗauki lambobin wayar ɗalibai. A Nijeriya alƙaluma 11 ne, masu farawa da sifiri. In aka mai da gurbinsu daga rubutu zuwa lamba, sifirin zai faɗi, goman da suka rage kuma sun fi ƙarfin INTEGER.

Matakan da Ya Kamata a Bi

Da fari, a kwafe rumbun duka, a kuma tabbatar kwafin yana buɗuwa. Na biyu, a tsamo bayanan da ba za su dace da sabon nau'in ba, a gyara su. Na uku, a ƙirƙiro sabon gurbi a gefen tsohon, a kwashe bayanan zuwa cikinsa. Na huɗu, a gwada biyun layi-layi. Sai sun yi daidai sannan a shafe tsohon, a ba sabon sunansa.

Har ila yau, manhajoji sun sha bamban. PostgreSQL tana sauya nau'i da umarnin ALTER TABLE, kuma ana iya janye aikin muddin ba a tabbatar da shi ba. A MySQL umarnin yana tabbata nan take. SQLite kuwa ba ta da umarnin sauya nau'i, sai an gina sabon jadawali.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa ba da umarni ba shi da wuya. Shirin da ke gabansa shi ne aikin. Makin jarrabawar ɗalibi in ya ɓace babu kwafi, karatunsa ne ya tsaya. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.