WUTAR DAJI A BAKIN GARI: ABIN DA YA WAJABA A KAN KOWANE MAIGIDA

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, ciyawar da ta yi tsawo da damina sai ta fara bushewa. Kafin watan Disamba ya ƙare ta zama tamkar bunu. A daidai wannan lokaci ne iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas, busasshiya, mai ƙarfi. Idan busasshiyar ciyawa ta haɗu da irin wannan iska, ƙwayar ashana ɗaya ta isa ta cinye abin da mutum ya yi shekara ashirin yana tarawa.

An shirya wannan ɗan littafi ne domin masu gidaje a garuruwan da daji ya kewaye. Mun ɗauki Jalingo a matsayin misali, amma bayanin ya shafi kowane gari mai irin wannan hali a duk faɗin Nijeriya.

Me Ya Sa Aka Ɗauki Jalingo?

Jalingo ita ce mazaunin Sarkin Muri. Tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka cire Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, ta zama babban birnin jiha. Daga nan gari ya yi ta faɗaɗa. Wuraren da a da gonakin masara da dawa ne, ko makiyayar shanu, yanzu gidaje ne, kamar yadda ake gani a wajejen Mayo Gwoi da Kona da Nukkai. Sai dai ba a gina filayen a lokaci guda ba. Za ka ga gida an gama shi har an tare, kusa da shi kuma fuloti biyu ko uku ba kowa, ciyawa ta kai ƙirjin mutum. Ta irin waɗannan filaye ne wutar daji ke samun hanyar shiga tsakiyar unguwa.

Abu na biyu shi ne duwatsu. Wuta ta fi saurin hawa tudu a kan tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, domin zafinta yana tashi sama ya riƙa busar da ciyawar da ke gabanta tun kafin harshen wutar ya iso. Saboda haka wanda ya yi gini a jikin tudu, da ciyawa a ƙasansa, yana bukatar ya fi kowa lura.

Yadda Wuta Ke Kama Gida

Mutane da yawa suna tsammanin sai wuta ta zo jikin bango kafin gida ya kama. Ba haka abin yake ba. Mafi yawan gidajen da ke ƙonewa a gobarar daji tartsatsi ne ke kunna su. Iska na ɗaukar guntun ciyawa ko ganye mai ci, ta tsallake katanga da shi, ta ajiye shi a kan zana, ko harawar da aka ɗora a kan rumfa, ko busasshen ganyen da ya taru a kan kwano. Nan zai yi ta ci a ɓoye har ya zama gobara.

Ƙasashen da suka fi mu kayan kashe gobara ma sun ɗanɗana wannan. A Amurka, cikin watan Agusta na 2023, wutar da ta bi ta busasshiyar ciyawa ta cinye garin Lahaina na Jihar Hawai, mutane kimanin 100 suka rasa rayukansu. A watan Janairu na 2025 kuma gobarar daji ta lalata dubban gidaje a kewayen Los Anjalis. Domin irin wannan haɗari ne dokar Jihar Kalifoniya ta daɗe da tilasta wa masu gidaje a bakin daji su gyara kewayen gidajensu har tsawon ƙafa 100, wato kimanin mita 30. Darasin a fili yake: aikin da maigida ya yi kafin wuta ta tashi shi ne ke ceton gida, tun kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso.

Abin Da Doka Ta Ce

A shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idoji na hana ƙona daji da kurmi da cinna wuta a fili barkatai. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 a ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, ita ce ke kula da aiwatar da su. Bisa waɗannan ƙa'idoji, ba a yarda kowa ya sa wa daji wuta yadda ya ga dama ba, sai da izinin hukuma, kuma wanda ya saɓa yana iya fuskantar tara ko ɗauri. Haka nan dokar laifuffuka ta ɗauki ƙona gida ko dukiyar wani da gangan a matsayin babban laifi. Wanda ya kunna wuta don ya kori gafiya ko zomo, ko don sabuwar ciyawa ta tsiro wa dabbobinsa, ko don ya huta da sharar gona, ya sani cewa “ban yi nufi ba” ba za ta mayar wa maƙwabcinsa da rumbunsa ba.

Ayyukan Maigida Kafin Hunturu

1. A nome ciyawar da ke kewaye da gida tun tana ɗanya, cikin watan Oktoba ko farkon Nuwamba. Taku biyu na farko daga jikin bango su zama ƙasa zalla, ba ciyawa, ba kara, ba tarkace. Daga nan a rage tsawon ciyawa iyakar inda filin ya kai.

2. A kwashe abin da aka nome a kai shi nesa, ko a binne shi ya zama taki. Tara shi a gindin katanga tamkar ajiye wa wuta abinci ne.

3. A sare rassan itatuwan da suka sunkuyo kan rufi, a share ganyen da ya taru a kan kwano da cikin indararo.

4. Itacen girki da kara da harawa da ƙaiƙayi a ajiye su nesa da ɗakin kwana. Rumbu ma a share kewayensa ƙal.

5. Inda dangar zana ko ta kara ta haɗe da ɗaki mai jinka, a raba su, domin danga hanya ce da wuta ke bi har ƙofar ɗaki.

6. Kada a ajiye jarkar fetur ko kananzir a ɗakin kwana ko kusa da murhu. Kada a zuba wa janareto mai yana aiki ko yana da zafi. Tukunyar gas a ajiye ta inda iska ke ratsawa.

7. A tanadi randa ko duro cike da ruwa, da bokiti biyu na yashi, da shebur, a inda kowa a gidan ya sani.

8. Kada a ƙona shara da tsakar rana ko lokacin da iska ke kaɗawa. Kada a zubar da toka sai an yayyafa mata ruwa. Masu shan taba su murƙushe guntunta kafin su yar.

Aikin Unguwa

Hausawa na cewa, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gidan da aka share bai tsira ba muddin fulotin da ke jikinsa na cike da ciyawa. Saboda haka ana roƙon masu unguwanni da dagatai, da limamai da shugabannin coci, su sa ranar aikin gayya kafin hunturu ya kankama. A nemo masu filayen da ba a gina ba su share nasu. A gefen unguwar da ke fuskantar daji a share doguwar hanya mai faɗi har a ga ƙasa, yadda wuta za ta rasa abin ci idan ta iso. Kada kuma a toshe lungu da bulo ko yashin gini, domin motar kashe gobara ba ta da amfani idan ba ta sami hanyar shiga ba.

Idan Wuta Ta Tashi

A fara fitar da yara da tsofaffi da marasa lafiya, a kwance dabbobin da ke ɗaure. A yi kururuwa maƙwabta su ji, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112, wadda kyauta ce. A kashe wutar lantarki daga babban makunni. Wutar fetur ko ta man girki ba a zuba mata ruwa, yashi ake zuba mata ko a rufe ta. Kada a gudu zuwa saman tudu a gaban wuta, a nufi fili marar ciyawa ko inda ta riga ta cinye. Wanda tufafinsa suka kama ya kwanta ya yi ta birgima. A zuba wa ƙuna ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, kada a shafa ƙwai ko manja ko man goge baki, sa'an nan a garzaya asibiti. Kada kowa ya koma cikin ɗaki mai ci don ɗauko kaya.

Kammalawa

Rigakafi ya fi magani. Fartanya da tsintsiya da aikin yini biyu sun fi sauƙi a kan sake gina gida. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya daure ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa, a kuma soma shara tun ciyawa ba ta bushe ba.