Kumbon Tubalin Roba da Motar Kara

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin sama da ƙasa, tsira da aminci ga Manzonsa. Bayan haka, ya malamai da 'yan kasuwa, yau za mu taɓo zancen wani abin wasa. Kada mai karatu ya ce wasa ba ya cancanci tawada ba, gama ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma abin da yaro ya saba yi da hannunsa shi ne sana'arsa ta gobe.

A ƙasar Danmak akwai wani gari, ana ce da shi Billund. Cikin shekarar 1932 wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya shiga sassaƙa wa yara kayan wasa na katako, daga baya ya sa wa kamfaninsa suna LEGO, watau "yi wasa da kyau" a harshensu. Cikin 1958 ɗansa Godtfred ya yi rajistar wani irin tubali na roba, mai ƙulli a bisa da kogo a ƙasa, in an danna wani kan wani sai su kama juna gam, ba laka ba ƙusa. Tun daga ran nan ba su sake awonsa ba, har tubalin kaka yana shiga na jika.

To, zamanin nan kuwa shi ne zamanin tseren zuwa sama. Rasha ta harba tauraron ɗan Adam na farko cikin 1957, Yuri Gagarin ya kewaya duniya cikin 1961. Ƙasarmu ma ba a bar ta baya ga labarin ba, domin Amurkawa sun kafa tasha a Kano ta bin sawun kumbunansu, kuma sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya sau uku ran 20 ga Fabrairu 1962, ya yi magana da ma'aikatan tashar Kano yana can bisa. Cikin 1969 aka sauka a wata.

Da yaran Turai suka tashi da wannan labari a kunne, sai kamfanin ya fito musu da kumbuna na tubali cikin 1978. Launinsu shuɗi da toka-toka, tagoginsu rawaya, matuƙansu 'yan mitsi-mitsi sanye da ja ko fari, kowanne da murmushi. Wanda ya fi suna shi ne Galaxy Explorer na 1979, mai tubali 338. Yaran nan yau sun yi furfura, amma begen abin bai sake su ba. Suna bin kasuwannin gwanjo suna tsintar tubali ɗai-ɗai har kumbo ya cika. Da kamfanin ya ga haka, cikin 2022 ya sake ƙera shi, ya fi na da girma, da tubali 1,254. Kafin nan, cikin 2017, ya fitar da siffar Saturn V, rokar da ta kai mutane wata, tsawonta kamar mita ɗaya, aka sa tubalinta 1,969 daidai, don tunawa da shekarar.

Ga abin da zai ba ma'abota hisabi sha'awa. Wani masanin lissafi na Danmak, Søren Eilers, ya ƙididdige cewa tubali shida kacal, masu ƙulli takwas-takwas, ana iya haɗa su ta hanya 915,103,765. Wanda ya san darajar Shehu Muhammadu al-Katsinawi, mai littafi kan ilmin wafaƙi, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741, ya san jera adadi a gidajensa ba aikin wofi ba ne.

Yanzu mu komo gida. Duk wanda ya san Danko da sauran garuruwan ƙasar Zuru bayan an girbe dawa, ya san yadda yara ke zama gindin rumbu da kara. Su ɓare shi, su yanka totuwa gunduwa-gunduwa, su soke ta da ɓawon, kafin la'asar ga mota ta tsaya da ƙafafunta, ga jirgin sama da fikafikai. Wani ya ƙara da gwangwanin madara, wani ya yanka tsohon silifa ya yi taya. Ashe abin da Bature ke saye da kuɗi mai yawa, yaronmu yana tsintarsa a gona kyauta. Har ma ya fi shi da abu guda: na Turai yana bin takardar umurni shafi-shafi, namu kuwa kansa ne takardarsa. Kuma karan nan dai shi ne almajiri ke feƙewa ya yi alƙalami. Cikin 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen tsohuwar mota da babur, har labarinsa ya kai ƙasashen waje. Irin wannan hannu a wasan yarinta yake fara koyo.

Abin tsoro shi ne wayar hannu tana neman raba yaro da kara. Ya wuni yana kallon abin da wani ya ƙera, shi bai ƙera kome ba. Wani uba kuma in ya tarar da ɗansa yana haɗa mota sai ya tattake ta, wai lalaci ne. Lalle karatu shi ne gaba, ba mai gardama. Amma Alhamis da Juma'a fa, da allo ke jingine?

Game da hukunci, kumbo da mota ba masu rai ba ne, ba su shiga zancen sura. 'Yan mutum-mutumin da ke ciki kuwa, malamai sun san hadisin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, da 'yan tsanarta, da sauƙin da fuƙaha'u suka yi kan kayan wasan yara. Abin da za a ja wa babba kunne a kai shi ne almubazzaranci, kada ya tara roba a kabad maƙwabcinsa na kwana da yunwa.

Ku kuma 'yan kasuwa, ga nasiha. Na ainihi yana da sunan LEGO rubuce bisa kowane ƙulli. Akwai masu kama da shi daga wasu kamfanoni, masu araha. Sayar da su ba laifi, amma a faɗa wa mai saye gaskiya, gama algus haram ne. In kun kwance dilar gwanjo kun ga tsofaffin tubali, kada ku zubar, kada ku bar su a rana, domin rana tana dafe launinsu. Kuma ku gargaɗi iyaye su nisanta su daga yaron da bai kai shekara 3 ba, kada ya haɗiye.

Nijeriya ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, cikin 2003, amma a Ingila aka ƙera shi, daga Rasha aka harba shi. Ranar da za a ƙera shi a gida, hannun da zai yi aikin yanzu yana riƙe da kara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shiryi zuriyarmu, ya ba su ilmi mai amfani. Haza wasalam.