Duniyar da Aka Gina da Kalmomi: Waiwaye a kan Wasan MUD

Manufar wannan maƙala ita ce jawo hankalin ɗaliban harshe da adabi ga wani fage da galibi akan bar wa masana kwamfuta, alhali kuwa harshe ne tubalinsa.

A shekarar 1978 wani ɗalibi mai suna Roy Trubshaw ya ƙago wani wasa a Jami'ar Essex da ke Ingila, bisa babbar kwamfutar jami'ar, ƙirar PDP-10, ya raɗa masa suna MUD. A 1980 abokin karatunsa Richard Bartle ya karɓi aikin ya faɗaɗa shi. Babu hoto ko ɗaya a ciki. Mai wasa yakan karanta bayanin wurin da yake, sa'an nan ya buga umarni na kalma ɗaya ko biyu cikin Ingilishi, misali ya nufi arewa ko ya ɗauki wani abu, na'ura ta amsa masa da sabon bayani. An riga an san irin wannan a wasan Adventure, sai dai can mutum shi kaɗai yake yawo. A MUD kuwa mutane da dama kan shiga lokaci guda, su yi hira, su taimaki juna, ko su hallaka juna.

A ganina nan ne abin ya shafe mu. Mai ba da tatsuniya ma da baki yake gina dawa da fada, amma mai sauraro ba shi da ikon hana Gizo yaudarar Kura. A MUD mai karatu shi ne tauraro, shi ne kuma marubuci. Wanda ya tara dukiya ya jefa ta cikin fadama yakan sami maki, har ya kai matsayin matsafi, mai ikon ɓacewa da leƙen asirin sauran. Sarauta ke nan ta kafu.

Inda sarauta take kuwa, ba a rasa shari'a. A 1993, cikin LambdaMOO, wadda Pavel Curtis ya kafa a Amurka a 1990, wani ya yi dabara ya riƙa rubuta ayyukan assha da sunan waɗansu. Ba a taɓa jikin kowa ba, rubutu ne zalla, duk da haka waɗanda abin ya shafa suka ji zafin cin mutunci. Mazauna suka taru suka yi doguwar muhawara, wani daga cikin matsafan ya shafe mai laifin, daga bisani kuma aka kafa tsarin gabatar da koke da jefa ƙuri'a.