Rediyon Kano da Freedom a Kunnen Mutanen Cikin Badala

Gidajen biyu babu wanda yake cikin ganuwa. Rediyon Kano yana Gidan Bello Dandago, can wajen badala, tashar Freedom kuwa tana Sharaɗa, a tsakiyar masana'antu. Amma mai son ya ji inda muryoyinsu suka fi tashi sai ya shiga lungunan Yakasai da Koƙi da Mandawari da Madabo, ya ratsa rumfunan Kurmi, ya tsaya wajen masu shayi da shagunan teloli, ya kuma kasa kunne ta bayan katanga inda mata suke aikin gida da rediyo a gefen murhu. Mutanen cikin gari suna jin su duka biyu, suna kuma zagin su duka biyu, kamar yadda ake yi wa abin da aka damu da shi. Abin da nake son aunawa shi ne wanne ne a cikinsu ya fi zama na jama'a, kuma me jama'ar suke bayarwa don ya tsaya da ƙafarsa.

Rediyon Kano ne babba, da nisa. A 1944, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka fara kafa lasifikoki a jikin bangon wuraren da jama'a ke taruwa a Kano, irin su ɗakin karatu da gidan waya da wajen majalisar sarki. Ta waya ake kawo maganar. Wanda yake da hali sai a ja masa waya har gida, a ba shi akwati haya, yana biya duk wata. Alhaji Bello Dandago, wanda gidan yake ɗauke da sunansa a yau, yana cikin 'yan Arewa na farko da suka riƙe wannan aiki. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi da Alhaji Isa Kaita sun karanta labarai da Hausa daga Ankara ta ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, daga baya Bello Dandago ya zama Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ke nan rediyon farko da Bakano ya sani, mai sauraro yana sa kuɗinsa a ciki. Sai dai kuɗin bai ba shi ta cewa ba, domin Turawa da En'e ne suke yanke abin da za a faɗa.

A 1978, da aka sake fasalin watsa labarai a Nijeriya, aka miƙa tashoshin jihohi ga gwamnatocinsu. Tun daga nan albashi da man janareta da gyaran na'ura suke fitowa daga baitulmalin jiha, gwamna ne kuma yake naɗa shugaban gidan. Kowa ya san abin da hakan ya haifar. Labarai su fara da gwamna, su bi ta kan mataimakinsa da kwamishinoni, kafin a iso ga kwalbatin da ta karye a Jakara, idan ma an iso. Duk gwamnatin da ta zo haka ta gaji gidan, haka kuma ta bar wa ta bayanta. Ranar 10 ga Yuli, 1981, da rikici ya ɓarke bayan takardar tuhumar da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, gidan rediyon yana cikin wuraren da aka cinna wa wuta, a ranar da aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamnan shawara. Ɓarna ce mai muni wadda babu uzurin da zai wanke ta. Ta kuma nuna yadda masu tarzomar suka ɗauki gidan: a ganinsu bakin gwamna ne, ba su ji cewa dukiyarsu suke ƙonawa ba.

Duk da haka, rashin adalci ne a taƙaita Rediyon Kano a kan labaran gidan gwamnati. Shekaru da dama shi ne yake sanar da birni rasuwa da lokacin jana'iza, da ɗaurin aure, da cigiyar yaron da ya ɓata a kasuwa. Shi yake kai tafsirin azumi ga matar da ba ta fita da tsohon da ƙafa ta gaza. Shi yake kawo Hawan Daushe da Hawan Nasarawa ga wanda bai sami wurin tsayawa a Ƙofar Kudu ba. Tasharsa ta matsakaicin zango tana kai wa ƙauyukan da yawancin tashoshin FM ba sa isa, don haka manomin da ke kawo hatsi Dawanau da dillalin da ke jiransa abu ɗaya suke ji. Wanda ya tashi da wannan gida a kunnensa ya ji kukumar Garba Supa da amadar Uwaliya da kalangun Shata ba tare da wani ya biya kuɗin fili ba. An sa su ne domin ma'aikatan gidan sun ɗauka cewa aikinsu ne su sa su. Hausar tsofaffin ma'aikatansa ma makaranta ce, a nitse take, babu gaggawa, babu cusa Turanci inda ba a bukata.

Freedom ta zo a wani zamani dabam. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ce ta buɗe ƙofar mallakar tasha ga 'yan kasuwa, Raypower ta fara a Legas a 1994, sannan a watan Disamba na 2003 Freedom ta fara watsa shirye-shirye a Kano a kan mita 99.5, Alhaji Bashir Ɗalhatu, Wazirin Dutse, yana cikin jagororin kafa ta. Ta dace da lokaci, domin shekara biyu kafin nan wayar salula ta shigo ƙasar. Haɗuwar waya da rediyo ita ce ta sauya komai. Mutumin da a da sai ya sayi katin gaisuwa ya jira mako kafin ya ji sunansa, yanzu yana kira ya faɗi abin da ke damunsa da bakinsa, gari duka yana ji. Shirin Inda Ranka ya koya wa Kanawa cewa rigimar gado a lungu, da tiransifomar da ta ƙone, da mara lafiyar da ke kwance babu kuɗin aiki, duk labarai ne. Kowane Gauta ya ba ɗan adawa makirufo a garin da siyasa take cikin jini tun zamanin NEPU. A 2006 hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasa ta ci tarar tashar, ta kuma takura wa shirye-shiryenta na siyasa, wannan kuwa sai ya ƙara mata farin jini. Bayanta tashoshi suka yi ta buɗewa, Rahama da Dala da Arewa da Express da sauransu, har ya zama a yau mai murɗa akwati a Kano yana da zaɓi fiye da lokacinsa.

Idan ana maganar goyon bayan jama'a, a nan Freedom ta yi wa Rediyon Kano fintinkau, kuma ba da kuɗi ba. Mutane sun mayar da kansu 'yan rahotonta. Gobara ta tashi a Ƙofar Wambai, kafin motar kashe gobara ta iso an riga an kira tasha. A sanar da halin wani bawan Allah a asibiti, sai taimako ya yi ta zuwa daga mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Jami'in da ya yi watanni yana watsi da takardar koke, da ya ji an ambaci ofishinsa da dare, washegari sai a ga ma'aikata a unguwa. Wannan amana ce babba, kuma tashar ta same ta da guminta.

Sai dai a lura da inda kuɗin yake bi. Gudummawar da mai sauraro yake bayarwa ta ratsa tashar ne ta wuce ga mabukaci, ba ta zauna a tashar ba. Abin da yake sayen dizal ya biya albashi a tashoshi masu zaman kansu shi ne talla da sayar da fili: kamfanonin sadarwa, makarantun kuɗi, masu maganin gargajiya, sannan uwa uba 'yan siyasa. Daga nan ne sojojin baka suka samu gindin zama, mutanen da ake ɗaukar nauyinsu su shiga fili su yabi ubangidansu su ci mutuncin abokin hamayyarsa. Ban ce duk shirin siyasa haka yake ba, akwai masu gabatarwa da suke tsare mutuncin aikinsu. Amma tsarin da kansa yana fifita mai iya biya. Haka kuma tallan maganin da aka ce yana warkar da cuta goma, wanda ake karantawa da irin muryar da aka karanta labarai, yana cutar da talakan da ya yarda da rediyo fiye da yadda ya yarda da takarda. Gidan rediyon gwamnati yana jin tsoron mutum ɗaya. Na 'yan kasuwa yana lallashin duk wanda ya zo da kuɗi a hannu. A duka biyun, mai sauraro ba shi da kujera a inda ake yanke shawara.

Akwai kuma wani aiki da kasuwa ba za ta taɓa ɗaukar nauyinsa ba, shi ne ya fi damuna. Marinin Ƙofar Mata zai iya samun minti uku a iska ranar da wata masifa ta same shi. Wa zai ba shi sa'a guda duk mako ya bayyana yadda ake haɗa baba da toka da katsi, da yadda ake gane karofin da ya nuna, kafin masu wannan ilimi su ƙare? Haka dukawa da majema da maƙera da masu ɗinkin hula. Ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu tana zaizayewa ana yanka ta filaye, kududdufan da suke shanye ruwan sama ana cike su ana gini, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane. Irin wannan ba labarin dare ɗaya ba ne. Yana bukatar shiri mai haƙuri wanda zai bi magana shekara da shekaru, ya kawo masanin Jami'ar Bayero da mai unguwa da magini su zauna tare. Haka tatsuniyar yara, da tarihin unguwanni daga bakin dattawansu, da karatun littattafan da malaman zaure suke koyarwa a Madabo. Babu ɗan kasuwar da zai ga riba a nan, kuma ba laifinsa ba ne. Wannan aikin gidan da aka gina da kuɗin jama'a ne.

Wasu ƙasashe sun nemo wa wannan matsala hanyoyi. A Ingila kowane gida mai kallon talabijin yana biyan kuɗin lasisi da ake riƙe BBC da shi. A Amurka tashoshin rediyon jama'a sukan ware kwanaki suna roƙon masu sauraro kai tsaye, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, kuma wannan kuɗi babban kaso ne na abin da suke rayuwa da shi. Kusa da mu, Nijar ta fara rediyon karkara na al'umma a Bankilare a 1999, yanzu suna da yawa a faɗin ƙasar, kwamitin gari ne yake riƙe da su, duk da talaucin da suke fama da shi. Nijeriya sai a 2015 ta amince da lasisi 17 na farko na irin waɗannan tashoshi. Tsarin mulkin 1999 ma ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin, abin da ba ya amfanar gidajen rediyon da komai.

Da za a tambaye ni wanne ya fi yi wa mutumin cikin badala aiki a yau, zan ce Freedom da 'yan uwanta, ba tare da jinkiri ba. Amma wanda nake ganin ya cancanci a yi faɗa a kansa shi ne Rediyon Kano, domin mun riga mun biya kuɗinsa. Tashar 'yan kasuwa tana iya sauya hannu ko sauya ra'ayi gobe, babu mai ikon tuhumar mai ita. Gidan Bello Dandago kuwa da harajin mai shago a Kurmi aka gina shi, yana da haƙƙin ya tambaya.

Abin da nake so in gani ba sabon abu ba ne a wurin Kanawa. Mutanen da suke gina masallaci da Islamiyya da kuɗin karo-karo, kwamiti ya tashi bayan sallah ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, sun san yadda ake riƙe dukiyar jama'a. A yi doka a majalisar jiha da za ta kafa wa gidan hukumar gudanarwa mai wakilan ƙungiyoyin kasuwa da malamai da mata da masarauta da jami'a da 'yan jarida, ita za ta zaɓi shugaba, a ba shi wa'adin da gwamna ba zai iya katsewa don ransa ya ɓaci ba. Gwamnati ta ci gaba da biyan albashi da wuta, tunda wajibinta ne. Sannan a buɗe asusun masu sauraro, ko waƙafi, wanda ba za a taɓa shi ba sai don shirye-shirye: na sana'o'i, na yara, na tarihin gari, da kwashe tsofaffin faifai da kaset zuwa kwamfuta kafin zafi da ƙura su gama da su. Duk wata a karanta lissafin asusun a iska.

Na san abin da za a ce, wa zai zuba kuɗinsa a gidan da yake yabon gwamna safe da yamma? Gaskiya ne, babu. Shi ya sa dole gwamnati ce za ta fara sakin hannu. Alamar farko kuma ba ta bukatar ko sisi: a bar ɗan adawa ya shiga fili daidai da ɗan gwamnati, a kuma bar labaran safe su fara da abin da ya fi shafar mutane a ranar, ko da ambaliya ce a Gwale ko rashin ruwan famfo a Dala. Ƙungiyoyin masu sauraro, waɗanda suka daɗe suna zumunci ta hanyar gaishe-gaishe, da ƙungiyar 'yan jarida ta jiha, su ne ya kamata su kai wannan bukata gaban majalisa a rubuce, su kuma nemi kowane ɗan takarar gwamna ya faɗi matsayinsa a kanta kafin zaɓe.