Fanka da Akwatin Wuta na Tsohuwar Kwamfuta

A ofishin hakimin da ake aiki da kwamfutar da ta kwana biyu, sau da yawa a cikinta lissafin haraji da takardun filaye suke. In ta mutu farat ɗaya, aikin shekaru yana iya tafiya tare da ita. Abubuwa biyu ne suka fi kashe ta, watau zafi da wutar da ba ta dace da ita ba.

Maganin zafi shi ne fanka. Akwai ɗaya bisa ƙwaƙwalwar na'urar, ɗaya cikin akwatin wuta, wani lokaci da ta uku a bayan gangar jikin tana fitar da iska mai zafi. Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gabarsu. Idan magatakarda ya ji fanka tana gurnani, ko kwamfuta tana kashe kanta ana tsakiyar aiki, sai ya zare waya daga bango, ya buɗe murfi, ya share ƙurar da buroshi mai laushi. In ta ƙi juyawa sai a sake ta, amma a auna ta tukuna, gama tsofaffin galibi milimita 80 ne, na baya kuwa 120.

Sha'anin akwatin wuta ya fi wuya. Aikinsa ya karɓi wutar gari mai bolt 230, ya rage ta zuwa bolt 12 a waya rawaya, 5 a ja, da 3.3 a mai ruwan lemo. Kafin 1995 ana amfani da samfurin AT, mai filogi biyu, kowane da rami shida, kuma tilas baƙaƙen wayoyinsu su haɗu a tsakiya, in ba haka ba babban allon ya ƙone. A shekarar nan kamfanin Intel ya fito da ATX mai rami 20, aka mai da su 24 a 2003.

Ga inda mai saye yakan ruɗe. Kwamfutocin da suka riga Pentium 4 na shekarar 2000 sun fi jan wuta ta layin bolt 5, alhali akwatunan yanzu sun tara ƙarfinsu a layin 12. Saboda haka yawan wat da mai kanti zai yi ta yabo bai isa shaida ba. Lalle ne a karanta takardar da ke manne jikin tsohon akwatin, a nemi wanda bai gaza shi ba a layin 5.

Waɗansu akwatunan suna da ɗan jan maɓalli a baya, an rubuta 115 da 230. Kwamfutar gwanjo da ta fito daga Amurka takan iso yana kan 115, kuma in aka jona ta haka nan take za ta ƙone. Akwatin kansa kuwa kada kowa ya kwance shi, don yana riƙe wuta ko bayan an zare waya. Wannan aikin makaniki ne, kuma ya kamata hakimi ya tabbata an kwafe takardun ofis a wani wuri kafin a kira shi.